Lissafin daidaito a aljabara: yadda ake nemo adadin da ya ɓuya

Lissafin daidaito hanya ce ta gano adadi na huɗu idan an san uku, muddin alaƙar da ke tsakanin biyun farko ita ce tsakanin biyun ƙarshe. Ana rubuta shi kamar haka: a/b = c/d. Ƙa'idarsa kuwa ita ce, a sau d daidai yake da b sau c.

Hanyar ta daɗe. Masanin lissafi na Indiya, Aryabhata, ya kawo ta a littafinsa na shekarar 499, kuma a can ana kiranta ƙa'idar uku. Muhammad ɗan Musa al-Khawarizmi, wanda ya yi aiki a Bagadaza, ya keɓe mata babin ciniki a littafinsa Al-Jabr wal-Muƙabala wajajen shekarar 820. Daga sunan wannan littafi ne kalmar aljabara ta samo asali.

Misali: idan mudu 8 na shinkafa ya kama naira 20,000, mudu nawa naira 35,000 za ta saya? Sai a sa harafin x a gurbin abin da ake nema: 8/20,000 = x/35,000. A ninka 8 sau 35,000, a samu 280,000, a raba da 20,000. Amsa ita ce mudu 14. Haka ma'aikacin da albashinsa naira 90,000 ne, wanda ya kama aiki saura kwana 20 a wata mai kwana 30: idan ana biya bisa kwanaki, haƙƙinsa naira 60,000 ne.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne gane irin alaƙar tun kafin a ɗauki biro. A misalan sama, idan abu ɗaya ya ƙaru, ɗayan ma ƙaruwa yake yi. Akwai kuma kishiyar haka. Leburori 6 sun haƙa harsashin gini cikin kwana 10. Kwana nawa 15 za su ɗauka? Wanda ya bi hanyar farko zai samu kwana 25, wato ƙarin hannu ya jawo jinkiri, abin da hankali ba zai karɓa ba. A nan jimillar aikin ce ba ta sauyawa: 6 sau 10 ya ba da 60, a raba da 15, sai a samu kwana 4.

Wani lokaci ma babu daidaiton kwata-kwata. Farashin sari ba ya bin na sayen ɗai-ɗai, domin mai sayen buhu yana samun ragi. Kuɗin motar da aka yi shata ba ya sauka don kaya sun ragu. A irin wannan hali sai a ware kuɗin da ba ya motsi gefe guda, a yi lissafin daidaito a kan ragowar kaɗai.