Yadda Ake Gane Ƙudan Tsando

Ƙudan tsando, wanda masana ke kira Glossina, shi ke yaɗa ciwon barci ga mutane da sammore ga shanu. Launinsa ƙasa-ƙasa ne, tsawonsa milimita 6 zuwa 14.

Alamomi uku ne ke bambanta shi da ƙudan gida. Bakinsa dogo ne kamar allura, ya miƙe gaba. Idan ya sauka, yakan ɗora fiffike ɗaya bisa ɗaya kamar rufaffen almakashi. A tsakiyar kowane fiffike kuma jijiyoyi sun fitar da siffar gatari.

Namiji da mace duk suna shan jini, galibi da rana, a kurmi da bakin rafi. Duk makiyayin da ya gan shi a mashaya, ya gaggauta sanar da malamin dabbobi.