Farfela da Allon Juyi a Jiragen Ruwa

Farfela ƙarfe ce mai kunnuwa wadda inji ke juyawa a ƙarƙashin gindin jirgi, tana tura ruwa baya, jirgi ya yi gaba. Allon juyi kuwa faffaɗan ƙarfe ne ko katako da ake kafawa a tsaye bayan farfela, matuƙi na karkata shi dama ko hagu don sauya alƙibla. Kafin zuwan inji, a kwalekwale filafili ɗaya ke yin aikin biyun, kuma har gobe ana ganin haka a madatsar ruwa ta Zobe da ke ƙaramar hukumar Dutsin-Ma, wadda aka kammala a 1983 a kan kogin Karaduwa. Masunci kan zauna a gindin kwalekwale yana jan ruwa ta gefe guda, a ƙarshen kowane ja sai ya ɗan murɗa bakin filafilin waje don kada jirgin ya riƙa kewayawa wuri ɗaya. Inda ruwa bai kai ƙirji ba, gora ta fi komai.

A 1836 ne Francis Pettit Smith da John Ericsson suka yi rajistar farfelolinsu a Ingila, kowa da tasa. A lokacin jiragen tururi da manyan ƙafafun gefe suke tafiya, kuma gardama ta daɗe kan wanne ya fi. A 1845 sojojin ruwan Ingila suka ɗaure jirage biyu gindi da gindi, Rattler mai farfela da Alecto mai ƙafafu, kowanne ya ja da iya ƙarfinsa, Rattler ya janye ɗan'uwansa da baya. Pleiad, jirgin da ya kai wani Bature mai suna Baikie kogin Binuwai a 1854, mai farfela ne. Amma abin da ya kai ta hannun talakan bakin kogi shi ne ƙaramin injin da ake rataya a gindin jirgi, irin wanda Ole Evinrude ya fara sayarwa a Amurka wajen 1909. Irinsa ne, galibi ƙirar Yamaha, ke jan jiragen fasinja da na kaya a Yawuri da tafkin Kainji da Tafkin Chadi.

Ana gane farfela da lamba biyu da ake bugawa a jikinta, misali 11 × 13. Ta farko faɗinta ce a inci. Ta biyu ita ce takunta, wato nisan da za ta ci a juyi ɗaya in da ruwa ba ya zillewa. A nan ne yawancin kuskuren zaɓi yake. Mai babban taku tana ba da gudu idan jirgi ba nauyi, shi ya sa ake sha'awarta. To amma jirgin da aka loda wa buhunan albasa da babura da mutane ranar kasuwa, irin wannan farfela danne injinsa take yi: sai a ji ƙararsa ta yi ƙasa, hayaƙi ya ƙaru, mai ya tafi, fulogi ya yi baƙi. Kamar mai babur ne da ya nufi hawa da giya ta huɗu. Mai ƙaramin taku ita ke ɗaukar kaya, sai dai in an yi ƙasa da yawa inji zai yi ta kururuwa fiye da ƙimarsa har ya gaji da wuri. Makanikai na ƙiyasta cewa kowane inci ɗaya na taku yana sauya juyin inji da 150 zuwa 200 a minti. Saboda haka kayan da jirgi ya saba ɗauka ya kamata a duba wajen zaɓi, kafin a yi maganar gudu. Kunne uku shi ne gama-gari. Huɗu sun fi kama ruwa wajen tashi, suna ɗan rage gudu.

Akwai kuma iyakar da ruwa da kansa ya gindaya. Idan farfela ta cika sauri, ruwan bayan kunnuwanta kan zama kumfar tururi, kumfar ta riƙa fashewa tana cin ƙarfen, jirgi kuma ba ya ƙara gaba. Wannan ne ya hana Turbinia, jirgin Charles Parsons, gudu da farko, sai da ya raba aikin ga farfela 9 a kan sanduna 3 sannan ya haura kilomita 60 a awa a 1897.

A ruwan dam irin na Zobe, wanda kan ja baya da rani ya bar kututture da yashi kusa da sama, abin tsoro shi ne karo da sarƙewa. Farfelar alminiyam tana da araha, kuma in ta bugi abu ita ke lanƙwashewa ta kare giya, wanda hakan alheri ne ga mai ƙaramin ƙarfi. Ta ƙarfe mai tauri kan miƙa bugun ciki. Ƙananan injuna da dama na da ’yar ƙusa da aka yi don ta karye a madadin sandar farfela, kuma maye gurbinta da ƙusar kafinta ganganci ne. Zaren koma kuwa ya fi ɓarna a ɓoye: yana naɗewa a bayan farfela, ya yanke robar da ke tare mai, ruwa ya shiga. Wanda ya kwance ya ga man giya ya koma fari-fari ya san abin da ya faru.

Allon juyi ya girmi farfela nesa, domin an same shi a jikin wani jirgin yumɓu na ƙasar Sin tun ƙarni na 1 Miladiyya. Ba ya aiki sai ruwa na gudu a jikinsa, don haka ake ajiye shi daidai inda farfela ke feso ruwa. Manyan jirage ba su cika karkata shi fiye da digiri 35 ba, domin daga nan birki yake zama. Injin ratayawa ba ya buƙatarsa, shi kansa ake juyawa da hannu, abin da ya sa matuƙi kan rasa iko da zarar ya kashe wuta kusa da gaɓa. Girman hatsarin lalacewar allo ya bayyana a watan Mayun 1941, lokacin da makamin jirgin saman Ingila ya maƙale allunan jirgin yaƙin Bismarck na Jamus. Injinansa lafiya lau, da farfela 3, amma ya kasa miƙewa, washegari aka nutsar da shi.

Duk waɗannan dokoki suna aiki a kan ƙananan jiragen yaƙi na wasa da ake sarrafawa da rimot, sha'anin da ya faro a Amurka a ƙarshen shekarun 1970. Akan ƙera su bisa ma'aunin 1 cikin 144, ta yadda Bismarck mai tsawon mita 251 zai dawo ƙasa da mita 2, da jikin katako mai laushi, da bindigogin gas masu harba ƙananan ƙwallayen ƙarfe, da famfon kwashe ruwa. Ƙungiyoyin wasan sun ƙayyade gudun kowane jirgi da girman allonsa, don haka gwaninta ta koma ga saurin tashi da iya juyi a matsatsin wuri. Masu ƙira kan zaɓi faffaɗar farfela mai ƙaramin taku, su matso da allo dab da ita don duk ruwan da ta feso ya bi ta jikinsa.