Tarihin da Yaranmu ke Haddacewa Yana Bakin Ƙofarsu

Jarrabawar WAEC da NECO ta ƙarato, kuma cikin yaranmu na Kurudu akwai waɗanda za su rubuta Tarihi. Makon jiya wani ɗan aji shida ya kawo mini littafinsa in yi masa tambayoyi. Ya haddace shekarun jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo tsaf: hijira zuwa Gudu 1804, yaƙin Tabkin Kwatto a shekarar, faɗuwar Alƙalawa 1808. Sai na ce masa, to me ya haɗa jihadin nan da garin da kake zaune? Ya yi shiru. Ban ga laifinsa sosai ba, tunda an yi kusan shekara goma Tarihi ba ya cikin manhajar firamare da ƙaramar sakandare, kafin a soma dawo da shi.

Amsar kuwa tana cikin sunan Abuja kanta. Da masu jihadi ƙarƙashin Malam Musa suka ci Zariya, Sarkin Zazzau na Haɓe, Muhammadu Makau, ya yo kudu da jama'arsa ya sauka Zuba, wadda muke bi ta cikinta in za mu Kaduna. Wasu littattafai na sa wannan a 1804, wasu a 1808, don haka ɗalibi ya bi na littafin da makarantarsu ke amfani da shi. An kashe Makau a yaƙi kusa da Lapai a 1825, ƙanensa Abubakar Ja ya gaje shi, ya kafa sabon gari a 1828. Daga Abu Ja aka samu Abuja. Masarautar nan ba ta taɓa shiga ƙarƙashin Sakkwato ba, kuma har gobe sarkinta Sarkin Zazzau ake ce masa.

Nan ne maki yake. In aka ce kawo sakamakon jihadi, yawancin yara za su rubuta kafuwar daular Sakkwato da yaɗuwar ilimi, su tsaya. Wanda ya san labarin Makau zai ƙara da cewa sarakunan da aka kora sun kafa nasu garuruwan: na Katsina a Maraɗi, na Gobir a Tsibiri, na Zazzau a Abuja. Zai kuma iya nuna cewa Keffi da Nasarawa, maƙwabtanmu, sun tashi ne a matsayin masarautun da ke biyayya ga Zariya. Mai duba takarda yana gane wanda ya fahimta da wanda ya yi haddar aku.

Haka zuwan Turawa. A 1902 Magajin Keffi, Ɗan Yamusa, ya kashe jami'in Ingila Kyaftin Moloney, ya gudu Kano, Sarki Alu ya karɓe shi. Wannan na cikin hujjojin da Lugard ya kafa ya tura sojoji suka ci Kano a Fabrairun 1903, Sakkwato ta biyo baya a watan Maris. Keffin da 'yan kasuwarmu ke zuwa su dawo a yini ɗaya ke nan.

Saura na kwanan nan. Bayan yaƙin basasa, gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda, ya ba da shawarar a bar Legas saboda cunkoso, a koma tsakiyar ƙasa. Doka ta 6 ta Fabrairun 1976 ta kafa Babban Birnin Tarayya. Aka ɗauki sunan Abuja aka ba sabon birni, tsohon garin ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Gwamnati ba ta tare ba sai 12 ga Disamba 1991, zamanin Babangida. Sai dai yaro ya kiyaye, kada ya rubuta cewa daji aka tarar babu kowa. Gbagyi da Koro da Gade da Gwandara suna nan tun kafin Makau, kuma maganar diyya da sake tsugunar da su ba ta mutu ba har yau.

Yaron nan zai dawo ranar Asabar bayan La'asar. Na ba shi aikin rubuta shafi ɗaya kan dalilin da ya sa Suleja ke da Sarkin Zazzau alhali Zariya ma tana da nata. Duk mai ɗan da zai rubuta Tarihi bana, ya turo shi su zauna tare.