Tarihin Lambar Kiran Gaggawa: Wa Ke Biyan Kuɗin Kiran Da Ake Cewa Kyauta Ne?

Yau za mu waiwayi tarihin lambar kiran gaggawa, da yadda ake tara kuɗin gudanar da ita daga layukan waya da na intanet. Kiran kyauta ne ga wanda ya shiga matsala, amma ma'aikatan da ke zaune dare da rana suna ɗaga waya, da na'urori, da wutar da ke riƙe su, duk sai da kuɗi.

Abin ya faro ne daga Ingila. A watan Nuwamban 1935 gobara ta tashi a wani gida a titin Wimpole da ke Landan, mata biyar suka rasu. A lokacin sai ka bi ta hannun ma'aikacin da ke haɗa layi kafin ka samu 'yan kwana-kwana, kuma wani maƙwabci da ya kira ya tarar da jerin masu jira a gabansa. Surutun da ya biyo baya ya sa aka buɗe lambar 999 a ranar 30 ga Yunin 1937.

Amurka ta bi sahu bayan shekara talatin. A 1968 kamfanin AT&T ya ware 911, aka yi kiran farko ranar 16 ga Fabrairu a garin Haleyville na jihar Alabama. Da yake cibiyoyin amsa kira na jihohi da ƙananan hukumomi ne, su aka bar wa neman kuɗin. Dabarar da ta yaɗu ita ce a ɗora ɗan kuɗi a kan kowane layi duk wata. Kamfanin waya ya karɓa tare da kuɗin wata, ya miƙa wa hukuma. Kowace jiha da farashinta: wani wuri bai kai dala ɗaya ba, a birnin Chicago kuwa ya kai dala 5 a 2018.

Tsarin ya yi daidai da zamanin wayar girke, domin kowane layi na da gida da adireshi. Kana kira, lambarka da adireshinka su bayyana a gaban mai amsawa ko da ka kasa magana. Da wayar salula ta zo, sai lissafi ya canza. A 1996 hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta tilasta wa kamfanonin salula su riƙa nuna inda mai kira yake, jihohi kuma suka faɗaɗa kuɗin zuwa layukan salula. Masu sayen kati ba a aiko musu da takardar kuɗin wata, don haka jihohi da yawa suka koma karɓa a wurin sayen katin.

Babbar rigimar ta zo da wayar intanet. Kamfanoni suka fara ba mutane lambar waya mai aiki ta intanet a farashi mai rahusa, jama'a suka yi ta yanke layin gida. Da yawa ba su san sabon layin ba ya kai wa 911 kamar tsohon ba. A farkon 2005 'yan fashi suka harbi wasu ma'aurata a gidansu a Houston, 'yarsu ta buga 911 da irin wannan layi, kiran bai shiga ba. A watan Mayun shekarar FCC ta ba da umarni cewa duk layin intanet da ke kira da karɓar kira daga lambobin waya na yau da kullum dole ya kai kiran gaggawa, tare da adireshin da mai layin ya yi rajista.

Wanda zai ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Tunda layin intanet ya shiga cin moriyar cibiyoyin, majalisar Amurka ta yi doka a 2008 da ta tabbatar wa jihohi ikon karɓar kuɗin daga gare shi, da sharaɗin kada ya wuce abin da ake karɓa daga layin waya irinsa. Ƙa'idar ke nan: kuɗin na bin layin da ke iya kiran gaggawa ne. Dokar ta kuma umarci FCC ta riƙa kai wa majalisa rahoto duk shekara. Rahotannin sun nuna ana tara sama da dala biliyan 3 a shekara a 'yan shekarun nan, sun kuma tona cewa jihohi irin su New York da New Jersey na karkatar da wani kaso zuwa wasu hidimomi. Wannan ya sa a 2021 FCC ta fayyace abubuwan da ya halatta a kashe kuɗin a kansu.

A nan gida hanyar daban ce. Bayan zuwan GSM a 2001, dokar sadarwa ta 2003 ta ɗora wa hukumar NCC alhakin samar da lambar gaggawa. Aka ɗauki 112, wadda Turai ta amince da ita tun 1991. NCC ke gina cibiyoyin amsa kira a jihohi, daga nan ake tura kiran ga 'yan sanda, 'yan kwana-kwana, hukumar kiyaye haɗurra ko motar asibiti. Ba a cire maka ko kwabo idan ka kira, ko babu kati a wayarka zai shiga. Legas na da 767 ƙari a kan 112, hukumar kiyaye haɗurra kuma na da 122.

Darasin Houston ya shafe mu kai tsaye. Da yawanmu mun koma sayen data kawai muna kira ta WhatsApp, alhali WhatsApp ba ya kiran 112. Idan gobara ta tashi a kasuwa ko haɗari ya auku a hanya, a fita daga manhajar a danna lambar a wurin kira na wayar. A faɗi unguwa, layi da wata alama sananniya kusa da wurin, musamman mu da ke zaune a garuruwan da sunayen titunansu ba na harshenmu ba ne. A koya wa mata da yara a gida. A kuma ja wa yara kunne kan kiran wasa, domin duk minti ɗaya da aka ɓata wa mai amsa kira, wani na can yana jira kamar maƙwabcin nan na titin Wimpole.

Allah ya tsare mu da iyalanmu.