Daga Makasa Zuwa Magani: Tarihin Marma a Likitancin Indiya

A tsohon likitancin Indiya da ake kira Ayurbeda akwai wurare 107 a jikin ɗan Adam waɗanda ake kira marma. A yau, duk wanda ya shiga gidajen tausa na jihar Kerala, ko na Landan da Kalifoniya, za a shaida masa cewa danna waɗannan wurare da yatsa yana kawar da ciwon kai, ya kawo barci, ya sanyaya zuciya, kuma za a ƙara masa da cewa haka ake yi tun shekaru dubbai da suka shuɗe. Tsofaffin littattafai kuwa wani abu daban suka faɗa. Kalmar marma ta tsiro ne daga saiwar kalmar Sanskirit mai nufin mutuwa, saboda haka fassararta mafi kusa a Hausa ita ce makasa, wato wurin da in an sami mutum ko dabba, an gama da shi. Abin da nake son bi a wannan muƙala shi ne hanyar da makasa ta bi har ta zama wurin neman lafiya, da abin da aka tsinta da wanda aka yar a kan hanyar.

A fagen fama aka fara jin kalmar. A cikin Rigbeda, mafi daɗewar littattafan addinin Hindu, ana ambaton marma a matsayin wurin da sulke yake karewa, da kuma wurin da jarumi yake nema a jikin abokin gaba. Wanda ya mayar da wannan sani na mayaƙa ya zama ilimin likita shi ne littafin Sushruta Samhita, wanda ake jingina wa Sushruta, wani likitan fiɗa da ya yi karatu a Kashi, birnin da muka fi sani da Banaras. Littafin ya ginu ne a hankali cikin ƙarnuka, tun kafin haihuwar Annabi Isa (AS) zuwa ƙarnukan farko na bayanta, kuma mafi daɗewar kwafinsa mai ɗauke da kwanan wata yana birnin Katmandu na ƙasar Nepal, an rubuta shi a kan ganyen itacen dangin giginya a shekarar 878.

A babi na shida na sashen da ya shafi ƙirar jiki, Sushruta ya bayyana marma da cewa mahaɗa ce ta tsoka da jijiyar jini da agara da ƙashi da gaɓa, inda rai yake zaune. Ya ƙidaya 11 a kowane hannu da kowace ƙafa, 12 a ƙirji da ciki, 14 a baya, 37 daga wuya zuwa sama. Rabon da ya fi nuna manufarsa shi ne wanda ya yi bisa sakamakon rauni. Wurare 19 suna kisa cikin kwana bakwai, 33 suna kisa bayan mako biyu zuwa wata guda, 44 suna naƙasa mutum, 8 suna jawo azabar ciwo. Sauran 3, biyu a saman gefen goshi, ɗaya a tsakanin gira, su ne mafi ban mamaki: muddin kibiya tana kafe a cikinsu mutum yana raye, da zarar an zare ta sai ya cika, amma in aka bar wurin ya ruɓe har ta faɗo da kanta, yana iya tsira. Wanda ya rubuta wannan ya daɗe yana tsugune a kan mutanen da aka harba.

Bayan raunukan yaƙi, akwai hanya ta biyu da aka bi aka san cikin jiki. Littafin ya yi umarni a naɗe gawa da ciyawa, a sa ta a keji, a ajiye cikin ruwa mai gudu kwana bakwai, sa'an nan a riƙa goge ta da tsintsiyar saiwoyi ana duban abin da ke ƙarƙashin kowane rufi. Amfanin wannan wahala duka shi ne likita ya san inda wuƙarsa ba za ta kusanta ba. Hasali ma Sushruta ya ɗauki sanin marma a matsayin rabin ilimin fiɗa. Ya lura cewa ana iya yanke wa mutum hannu ya rayu, alhali rauni a ɗan wurin da ke tsakanin babban yatsa da manuniya, wanda ya kira kshipra, yana iya kashe shi da sandarewar jiki, abin da likitocin zamani da dama suke fassarawa da cutar sarƙe-haƙora. Littafin Caraka Samhita, tagwayensa a daraja, ya ware wurare uku, kai da zuciya da mafitsara, ya ce a tsare su fiye da komai. Vagbhata, wanda ya yi rubutu wajen ƙarni na 7, ya riƙe adadin 107 ɗin. A wurin waɗannan malamai uku, marma wuri ne da ake kiyayewa, kuma babin nasa gargaɗi ne ga mai riƙe da wuƙa.

Sunan littafin ya ƙetare Indiya. A Bagadaza, zamanin Halifa Haruna Rashid, wazirinsa Yahaya ɗan Halid na gidan Barmaki ya sa wani likitan Indiya mai suna Manka ya fassara shi, kuma Ali ɗan Rabban al-Ɗabari ya taƙaita likitancin Indiya a littafinsa Firdausul Hikma na shekarar 850. A gida kuwa, fiɗa ta yi ta ja da baya a hannun likitoci masu karatun Sanskirit, har yawancin aikin wuƙa ya koma hannun wanzamai da maginan tukwane. A 1794 wata mujallar Landan, Gentleman's Magazine, ta ba da labarin yadda wani mai sana'ar hannu a kusa da birnin Pune ya gyara wa mutum yankakken hanci da fatar goshinsa. Masu littafi sun ci gaba da haddace jerin marma, amma hannunsu ya daina taɓa jini.

A kudancin ƙasar ne, can ƙasar Kerala da ta Tamilawa, labarin ya sauya. A Kerala akwai makarantun koyon faɗa da ake kira kalari, ɗaki ne da ake haƙa shi cikin ƙasa a daɓe shi da jar ƙasa, malaminsa kuma ana ce masa gurukkal. A cikin waɗannan malamai akwai Hindu, akwai Musulmi, akwai Kirista. Yaro yakan fara da motsa jiki, ya wuce zuwa sanda, sa'an nan takobi da garkuwa, kuma sai a ƙarshe, in malam ya amince da halinsa, yake nuna masa makasa. Tamilawa suna da nasu reshen da suke kira varma kalai, wanda ya fi ƙarfi a yankin Kanyakumari, suna ƙidaya wurare 108, 12 masu tsananin haɗari da 96 masu dama-dama, suna kuma jingina ilimin ga wani tsohon malami mai suna Agastya.

Malamin da almajiransa suke dukan juna kullum da sanduna dole ya iya gyara ɓarnar da ke aukuwa a gabansa. Saboda haka gurukkal ya zama maɗori, ya zama mai tausa, ya zama mai haɗa man shafawa daga saiwoyi. In an sami mutum a makasa ya suma, akwai dabarar farfaɗo da shi ta hanyar murza wurin ko bugun ɗaya ɓangaren jikin da ke daura da shi, cikin ƙayyadadden lokaci. Da damina ana shafe almajirai da mai, malam ya riƙe igiya da aka ɗaura a rufin ɗaki, ya tausa su da tafin ƙafarsa. Hausawa na cewa sanin wurin bugu shi ne ƙira. A kalari, wanda ya san wurin bugu shi ne kuma aka fara kai wa wanda aka buga. A nan, a ganina, marma ya fara zama wurin da ake taɓawa don a warkar.

Zuwan Turawa ya girgiza duka rassan biyu. A 1792 yankin Malabar ya faɗa hannun Kamfanin Ingila na Gabashin Indiya bayan yaƙinsa da Tipu Sultan. Boren Pazhassi Raja ya sa Turawa suka haramta riƙe makamai a yankin a 1804, shi kuma aka kashe shi a 1805. Makarantun kalari suka yi ta mutuwa, kuma malaman da suka rage sun fi samun rufin asiri da ɗori da tausa, sana'ar da ba ta tsone wa hukuma ido. A Kalkata kuma, a 1835, gwamnati ta soke darussan Ayurbeda da take ɗaukar nauyinsu, ta buɗe kwalejin likitanci irin ta Turai. Abin lura shi ne, ɗan Indiya na farko da ya feɗe gawa a wannan kwaleji, a 1836, Madhusudan Gupta ne, likitan Ayurbeda ɗan gado. Da guguwar kishin ƙasa ta taso, sai aka waiwayi kayan gida. Kunjalal Bhishagratna ya fitar da fassarar Sushruta ta Ingilishi tsakanin 1907 da 1916, kuma a shekarun 1920 aka farfaɗo da kalari a garin Thalassery ta hannun Kottakkal Kanaran Gurukkal da almajirinsa C. V. Narayanan Nair.

Bayan 'yancin kai a 1947, Indiya ta ba Ayurbeda gurbi a hukumance. Dokar 1970 ta tsara karatunsa a jami'o'i, inda ɗalibai suke koyon marma a darasin ƙirar jiki, a 2014 aka kafa ma'aikatar AYUSH mai kula da magungunan gargajiya, a 2022 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta aza harsashin cibiyarta ta magungunan gargajiya a Jamnagar da ke jihar Gujarat. Sai dai siffar da maganin marma ya ɗauka a duniya ta zo ne ta wata ƙofa. Tun farkon shekarun 1970 Amurkawa suka kamu da sha'awar maganin allura na Sinawa, kasuwa kuma ta buɗe ga duk abin da ya yi kama da shi. Littafin David Frawley da Subhash Ranade da Avinash Lele na 2003, da na Vasant Lad da Anisha Durve na 2008 wanda ya kai wuraren 117 ya kuma gwada su da na Sinawa, su suka shimfiɗa tsarin da ake koyarwa a yau: ɗigon mai, yatsa ɗaya, murzawa a hankali. Masu kallon finafinan Indiya kuwa ta fuskar faɗa suka san shi, musamman a fim ɗin Indian na 1996, inda Kamal Haasan ya fito a tsoho mai kayar da mutane da yatsu biyu.

Ban ga laifin sabon abu don yana sabo ba. Tausa da mai tana sassauta jiki, mutane da yawa suna jin daɗinta, ko da yake gwaje-gwajen kimiyya da aka yi a kan marma kaɗan ne kuma ƙanana. Inda nake da ja shi ne yadda ake sayar da shi. An san da tsohuwar zuma ake magani, shi ya sa mai talla yake tsallake ƙarnuka ya rataya komai a wuyan Sushruta. Yin haka yana share sunan gurukkal na Kerala da malaman Kanyakumari, waɗanda su ne suka mayar da ilimin kisa ya zama na jinya, suka kuma riƙe shi a zamanin da hukuma take neman ganin bayansa. Yana kuma ɓatar da gargaɗin da saboda shi aka rubuta babin tun farko. Daga cikin wurare 19 masu saurin kisa, Sushruta ya sa 8 a gefuna biyu na wuya. Likitocin yau sun san cewa danna babbar jijiyar jini ta wuya yana iya rage bugun zuciya har mutum ya suma, kuma ga tsoho mai toshewar jijiya yana iya jawo shanyewar ɓarin jiki.

Malamin kalari yakan shafe shekaru yana nazarin halin almajirinsa kafin ya nuna masa waɗannan wurare, yau kuwa ana ba da shaidar ƙwarewa bayan kwas na 'yan kwanaki. Da ni za a tambaya, duk wanda zai ɗora yatsa a jikin wani da sunan marma, a fara karanta masa babi na shida na Sushruta yadda yake, ya haddace wurare 19 ɗin nan da abin da suke jawowa, kafin a miƙa masa kwalbar mai.