Kursiyin Sama da Gadon Kaisar: Tarihin Wahayin Batmusa

A cikin tekun da ya raba ƙasar Girka da Turkiyya akwai wani ɗan tsibiri mai duwatsu, wanda faɗinsa bai wuce kilomita murabba'i 34 ba. Turawa na ce da shi Patmos, Littafi Mai Tsarki na Hausa kuwa ya rubuta shi Batmusa. A can ne wani Kirista mai suna Yohanna ya ce an nuna masa abubuwan da ya rubuta a littafin da ya zama na ƙarshe cikin Sabon Alkawari. Mafi yawan masana tarihi sun tsayar da cewa an rubuta shi wajen shekara ta 95 miladiyya, a ƙarshen mulkin Domisiyan, sarkin Roma. Wannan Yohanna ba shi ne Annabi Yahaya ɗan Zakariyya ba, ko da yake wasu fassarori na kiran su da suna ɗaya. Ya aika littafinsa ne ga jama'ar Kirista ta birane bakwai da ke yammacin Turkiyya ta yau: Afisa, Samirna, Birgamas, Tayatira, Sardisu, Filadalfiya da Lawudikiya.

Jama'a sun fi sanin littafin da annoba da dawakai da ƙarewar duniya, amma ginshiƙinsa yana babi na 4 da na 5, inda ake bayanin kursiyin Allah da sujadar da ake yi a gabansa. Kalmar kursiyi ta zo fiye da sau 40 a cikinsa, wato fiye da yadda ta zo a sauran littattafan Sabon Alkawari duka a haɗe. Tambayar da ta dami marubucin ke nan: a duniyar da Kaisar ya cika da ikonsa, wa ke bisa gadon sarauta na gaskiya?

Yohanna ya ce ya ga ƙofa a buɗe a sama, murya kamar ta ƙaho ta kira shi ya hau. Ya tarar da kursiyi, da wani zaune a kai. Bai faɗi fuskarsa ba, bai faɗi tsawonsa ko tufarsa ba. Ya kwatanta shi ne kawai da ƙyallin duwatsu masu daraja, yasfa da aƙiƙ, da bakan gizo mai kama da zumurrudu kewaye da kursiyin. Walƙiya da aradu na fitowa daga wurin, fitilu bakwai na ci, a gaba kuma ga wani abu kamar teku na ƙarau. Kujeru 24 sun zagaye kursiyin, dattawa 24 na zaune a kansu da fararen riguna da kambin zinariya. Kusa da kursiyin akwai halittu huɗu masu fikafikai shida-shida, jikinsu cike da idanu: ɗaya kamar zaki, ɗaya kamar bijimi, ɗaya da fuskar mutum, ɗaya kamar gaggafa a sararin sama. Dare da rana suna ambaton tsarkin Allah sau uku-uku, duk sa'ad da suka yi haka kuma sai dattawan su faɗi, su tuɓe kambinsu su ajiye a gaban kursiyin.

A babi na 5 aka fito da naɗaɗɗen littafi mai hatimi bakwai, aka rasa wanda ya isa ya buɗe shi, har Yohanna ya fashe da kuka. Wani dattijo ya ce masa Zakin kabilar Yahuza ya ci nasara, zai buɗe. Da ya duba, abin da ya gani Ɗan Rago ne mai alamar yanka, wanda ga Kirista shi ne Almasihu. An yi masa shelar zaki, an nuna masa abin yanka. Dattawa suka ɗauki molaye da tasoshin zinariya cike da turare, wanda littafin ya ce addu'o'in masu bi ne, waƙar yabo ta bazu daga su zuwa ga dubban mala'iku, daga nan zuwa ga dukan halitta.

Yohanna bai ƙago waɗannan siffofi daga kansa ba, ya gaje su ne daga annabawan Bani Isra'ila. Ishaya ya ce ya ga Ubangiji bisa kursiyi, da mala'iku masu fikafikai shida, a shekarar da Sarki Azariya, wanda ake kira Uzziya, ya rasu, wajen 740 kafin miladiyya. Ezekiyel ya ga halittu huɗu ɗauke da kursiyi a bakin kogin Kebar a ƙasar Babila, wajen 593 kafin miladiyya, yana cikin waɗanda aka kwashe bauta. Littafin Daniyel ya nuna dauloli da siffar namun daji, sa'an nan aka kafa kursiyai aka yi musu shari'a. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan wahayi ya zo ne a lokacin da gadon sarautar duniya ya girgiza ko ya faɗa hannun baƙi. Yohanna ma ya yi rubutu ne kimanin shekara 25 bayan sojojin Roma sun rushe Haikalin Urushalima a shekara ta 70.

A zamaninsa biranen yankin Asiya na gasar girmama Kaisar. Tun shekara ta 29 kafin miladiyya aka ba Birgamas izinin gina haikali da sunan Roma da Augustus. Samirna ta samu nata a zamanin Tibariya, Afisa kuma ta keɓe babban haikali ga gidan sarauta wajen shekara ta 90. Ana ƙona turare gaban gumakan sarki, akwai ƙungiyoyin mawaƙa da aikinsu shi ne rera masa yabo, birane na aika masa kambin zinariya a matsayin gaisuwa. Marubucin tarihi Tasitus ya ba da labarin yadda Tiridat, sarkin Armeniya, ya cire kambinsa ya ajiye gaban gunkin Nero a shekara ta 63, don nuna cewa sarautarsa aro ce daga Roma. Suwetoniyus kuma ya rawaito cewa Domisiyan ya so a riƙa kiran sa ubangiji da allah. Wanda ya san waɗannan al'adu, in ya ji labarin dattawa masu tuɓe kambi, da turare, da waƙar yabo, ba ya bukatar tafinta. Yohanna ya kwashe kayan fadar Kaisar kaf, kirari da faɗuwa gaisuwa da duka, ya mayar wa wanda ya gaskata shi ne mai su.

Binciken zamani ya rage wa tsohon labarin gishiri: ba a sami shaidar cewa Domisiyan ya ba da umarnin kashe Kiristoci a faɗin daula ba. Littafin da kansa mutum ɗaya ya ambata da suna cikin waɗanda aka kashe a biranen nan, wato Antibas na Birgamas. Matsin na yau da kullum ne. Maƙeri ko marini da ya ƙi cin abincin bikin ƙungiyar sana'arsa, don an yanka shi da sunan gunki, yana iya rasa abokan ciniki, maƙwabta su yi masa kallon maƙiyin gari. Shi ya sa Yohanna ya fi tsananta wa masu sassauci, irin mawadatan Lawudikiya, fiye da yadda ya tausaya wa masu shan wuya. Abin da ya hango bai daɗe ba ya auku. Wajen shekara ta 112 Filini, gwamnan Bitiniya, ya rubuta wa Sarki Tirajan cewa yana gwada waɗanda ake zargi ta hanyar sa su miƙa turare da ruwan inabi gaban siffar sarki. Wanda ya nace da ƙi, sai a kashe shi. Wajen 155 aka ƙone Folikaf, tsohon shugaban jama'ar Samirna, don ya ƙi rantsuwa da sa'ar Kaisar.

Wahayin ya ƙetaro Afirka da wuri. A shekara ta 203 aka jefa wasu Kiristoci ga namun daji a Kartaj, cikin Tunisiya ta yau, cikinsu har da wata matashiya mai shayarwa, Farfetuwa, da wata baiwa, Felisita. Labarin da aka rubuta a kansu ya ƙunshi mafarkin malaminsu Saturus yana kurkuku: mala'iku huɗu sun ɗauke su zuwa wani wuri mai bangon haske, suka ji ana ambaton tsarkin Allah ba fasawa, suka ga mai kursiyi da dattawa dama da hagu. Fursuna mai jiran mutuwa ya ga kansa cikin fadar da Yohanna ya siffanta, shekara ɗari da ƴan kai bayan an rubuta ta.

Duk da haka littafin bai shiga Sabon Alkawari cikin sauƙi ba. Magabata irin su Yustin da Iraniyus sun ce manzo Yohanna, almajirin Almasihu, shi ya rubuta shi. A ƙarni na 3 Diyonisiyus na Iskandariyya ya gwada harshen Girkancinsa da na Linjilar Yohanna, ya ce hannu ɗaya ba zai rubuta su biyun ba, kuma masana da yawa na kan wannan ra'ayi har yau. Atanasiyus na Iskandariyya ya sa shi cikin jerin littattafai 27 a wasiƙarsa ta shekara ta 367, amma ikkilisiyoyin Gabas sun daɗe suna ɗari-ɗari da shi, har ma ta Girka ba ta sa shi cikin karatun sujadarta ba. Kibɗawan Masar kuwa suna karanta shi daga farko har ƙarshe a daren Asabar ta kafin Ista. Martin Luta ma ya nuna shakkarsa a gabatarwar da ya yi masa a 1522. Amma ambaton tsarki sau uku, wanda Ishaya da Yohanna suka haɗu a kai, ya zauna daram cikin sujadar Gabas da Yamma, inda masu ibada ke ɗaukar cewa suna haɗa murya ne da mala'iku.

Babban juyi ya zo ne da Sarki Kustantin, wanda ya halatta addinin Kirista a 313. Gidan sarautar da wahayin ya ƙalubalanta ya zama majiɓincin ikkilisiya. Usabiyus na Kaisariya, da yake ba da labarin walimar da sarki ya yi wa shugabannin addini bayan taron Nikiya na 325, ya kwatanta ta da mulkin Almasihu. A majami'ar Santa Pudenziana ta birnin Roma, wajen shekara ta 400, aka zana Almasihu da ƙananan duwatsu masu launi, yana bisa kursiyi mai ado cikin rigar zinariya, manzanni na gefensa da shigar manyan majalisar Roma, halittun nan huɗu na sama da su. Tun zamanin Iraniyus aka fara danganta halittun da Linjila huɗu, daga baya aka tsaya kan mutum ga Matiyu, zaki ga Markus, bijimi ga Luka, gaggafa ga Yohanna.

A birnin Akan na Jamus, wanda Faransawa ke kira Aix-la-Chapelle, Sharlaman ya gina majami'ar fadarsa wajen shekara ta 800. A cikin ƙubbarta aka zana dattawa 24 suna miƙa kambinsu, a benen ƙasa da ita kuma aka kafa kujerar sarauta ta farin dutse, inda aka naɗa sarakunan Jamus kimanin 30 tsakanin 936 da 1531. Zanen na iya tuna wa sarki cewa shi ma zai tuɓe kambi. Yana kuma iya gaya wa talaka cewa mai zaune a benen inuwar na sama ne. An yi amfani da shi ta fuskokin biyu. A kudancin Faransa, bisa ƙofar majami'ar Muwasak, masassaƙan ƙarni na 12 sun jera dattawan nan riƙe da kayan kiɗa da ƙoƙuna, kowa ya karkata wuya yana duban mai kursiyi. Daga baya aka saƙa wahayin a babban labulen Anje wajen 1380, ƴan'uwan Van Eyck suka zana sujadar Ɗan Rago a Gant a 1432, Handel kuma ya rufe waƙarsa ta Almasihu, wadda aka fara yi a Dublin a 1742, da yabon da ke babi na 5.

Ma'anar farko ba ta mutu ba, tana farfaɗowa duk inda aka danne masu bi. A 1987, lokacin mulkin wariyar launin fata, malamin addini Allan Boesak na Afirka ta Kudu ya fitar da sharhin wannan littafi, inda ya karanta shi a matsayin ta'aziyya ga waɗanda ake zalunta da kuma ƙin amincewa da gwamnatin da ke neman biyayyar da ta wuce hakkinta.

Shigowar wahayin cikin harshen Hausa na da sawun ɗan ƙasar Damagaram. Dorugu, yaron da aka kama bauta a yankin Kance, ya bi Heinrich Barth zuwa Ingila a 1855, inda ya zauna da James Frederick Schön yana koya masa Hausar baka. Aikin Schön ya kai ga buga Sabon Alkawari da Hausa a 1880. Cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito a 1932, yana kiran littafin Ru'ya ta Yohanna. Fassarar da ta biyo baya ta kira shi Wahayin Yahaya. Ƴan mishan na SIM, da suka zauna a Zinder a 1924 kafin su kai Tsibiri kusa da Maraɗi, da waɗannan fassarori suka yi aiki. Masu fassara sun ɗauki kalmar kursiyi, wadda kunnen Bahaushe ya riga ya sani daga Ayatul Kursiyyi. Musulmi ya san Al'arshi da mala'ikun da ke ɗauke da shi suna tasbihi, don haka babi na 4 ba zai zame masa baƙo sosai ba. A babi na 5 ne hanyoyin suka rabu, domin sujada ga Ɗan Rago aƙidar Kirista ce wadda Musulunci bai yarda da ita ba, kuma malamin da ke koyar da tarihin addinai ya kamata ya faɗi kusancin da bambancin duka, ba tare da ɓoye ɗaya ba.

A Batmusa, wani sufi mai suna Kiristodulos ya kafa gidan ibada a 1088 da izinin sarkin Rumawa na Kustantiniya, UNESCO kuma ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1999, tare da kogon da ake cewa a nan Yohanna ya zauna. Daga haikalin da Afisa ta gina wa gidan Domisiyan, abin da ya rage shi ne harsashi, da kai da hannun wani ƙaton gunki da ke ajiye a gidan kayan tarihi na garin Salcuk.