Abin da hoton ƙashi ya tono a zanen Waliyyi Matiyu

Jama'a, mu dai mun san na'urar hoton ƙashi a asibiti, idan an samu karaya. Ashe tun bayan da Bajamushen nan Röntgen ya gano haskenta a 1895, masu adana kayan tarihi ma sun samu abin aiki. Farin fentin da masu zanen Turai suka yi amfani da shi a da, da dalma ake haɗa shi, ita kuwa dalma takan tare wannan haske. Saboda haka abin da aka zana da wannan fenti aka shafe yakan fito.

A wani coci da ke birnin Rum akwai zanen kisan Waliyyi Matiyu, almajirin Annabi Isa, wanda Caravaggio ya yi tsakanin 1599 da 1600. Shi ne babban aikin coci na farko da aka ba shi, bai kai shekara 30 ba. Da aka haska allon, sai ga wani zane daban a ƙarƙashi: mutane ƙanana, manyan gine-gine a bayansu, irin salon magabatansa. Bai gamsu ba, ya shafe ya sake, har ya kai ga wanda ake gani yau: duhu, makashi tsaye a tsakiya da takobi, waliyyin a ƙasa.

A ganinmu nan ne abin sha'awar. Mutumin da ake cewa gwani ne tun fil azal, sai da ya yi ta laluben hanya. Har fuskarsa ya sa cikin masu gudu, yana waiwaye.